Tsagar da ke ƙarƙashin fenti

Da safiyar wata Talata, cikin sanyin hunturu, ina bisa keke a titin Gidan Zoo na nufi ofis, sai wani mai adaidaita sahu da ke gabana ya hango fasinja a bakin hanya. Bai ba da sigina ba, bai waiwaya ba, ya karkato dama ya tsaya cak. Tsakanina da shi bai fi tsawon mota biyu ba. Na damƙe birkin gaba da na baya da iyakar ƙarfina, na ji tayar baya ta ɗaga daga ƙasa, na karkatar da kan keken don in kauce masa, sai tayar gaba ta je ta daki simintin bakin kwata. Keken ya tsaya, ni kuma na dira a kan ƙafafuna. Ban faɗi ba, ko ƙwarzane ban yi ba.

Mutanen da ke zaune a teburin mai shayi suka yi ta cewa, "Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba." Mai adaidaitan ya leƙo, ya ɗaga hannu alamar ban haƙuri, ya ja abinsa ya tafi. Na shafa gwiwa, na taɓa aljihu na ji waya tana nan, na buɗe jaka na tabbatar kwamfutar ofis ba ta fashe ba. Na yi hamdala, na hau, na ci gaba da tafiya. Duk abin da nake ɗauke da shi na duba a wurin, amma abin da ke ɗauke da ni ko kallonsa ban yi ba.

Kwana tara na yi ina hawan keken nan bayan wannan safiya. A cikinsu, sau shida na goya 'yata mai shekara biyar a kariyar baya zuwa makaranta. Wannan lissafin ne ya sa na ajiye batun da na shirya wa wasiƙar wannan mako, na ɗauko maganar firam ɗin keke, wato ƙashin jikinsa na ƙarfe wanda taya da sirdi da feda duk suke rataye a kai, da yadda ake duba shi bayan an ja birkin gaggawa.

Yadda na koma keke

Ni ma ina cikin waɗanda ranar 29 ga Mayun 2023 ta sauke daga kan babur. A ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, kuma cikin 'yan kwanaki farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Albashin ɗan jarida bai tashi tare da shi ba. Bayan 'yan watanni ina fama, na sayi keke na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai bayan masu su sun gama cin moriyarsu. Firam ɗinsa na alminiyam ne, marar nauyi, mai giya, fentinsa shuɗi yana sheƙi. Na ɗaga shi da hannu ɗaya a wurin mai sayarwa, na ji kamar na ɗaga buta, nan take na ce shi nake so.

Mahaifina Raleigh ya hau shekara da shekaru, baƙin keken nan na Nottingham mai birkin sanda, daga baya ya koma Phoenix ɗan Chana. Ina tuna yadda yake goge shi da tsumma kowace Juma'a da safe, bututu bayan bututu. A lokacin na ɗauka ƙwalisa ce kawai irin ta mutanen da. Ni kuwa nawa keken, in dai akwai iska a taya kuma sarƙa ba ta zame ba, to a wurina lafiyarsa ƙalau.

A rana ta tara na fara jin wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, duk lokacin da na kama birkin gaba ko na miƙe tsaye a kan feda. Na ɗauka wani noti ne ya kwance. Da yamma na biya wurin wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, wanda rumfarsa ta girme ni, na ce, "Baba, ku ɗan ɗaure mini wuyan nan, ƙara yake yi."

Ya kama birkin gaba, ya jijjiga keken gaba da baya, ya kasa kunne. Sannan ya ɗago ya dube ni. "Ɗana, ka yi karo da shi kwanan nan?"

Na ce a'a, birki dai na ja da ƙarfi a makon jiya.

"Birki kawai ka ja ka tsaya, ko kuwa tayar ta daki wani abu?"

Sai a lokacin na tuna da simintin bakin kwata. A raina abin da ya faru shi ne na ja birki na tsira, dukan da ya biyo baya ban ma sa shi a lissafi ba, tunda ban faɗi ba.

Bambancin birki da duka

Tambayar dattijon nan ita ce ginshiƙin maganar gaba ɗaya, kuma da na zauna na yi lissafin daga baya na ga dalili.

Idan ka ja birki, nauyinka da na keke yana komawa kan tayar gaba. Gwargwadon ƙarfin birkin, gwargwadon yadda tayar baya ke rasa nauyi, har a kai wani mataki da za ta ɗaga sama kamar yadda tawa ta yi. A keke na yau da kullum, bisa busasshiyar kwalta, wannan matakin yana zuwa ne idan ƙarfin tsayawar ya kai kusan rabin ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi idan ya faɗo. Daga nan in ka ƙara matsa birki, mahayi ne zai wuntsila ta saman kan keken. Ma'anar wannan ita ce birki yana da rufin da ba zai wuce ba. Kafin ya ɗora wa firam nauyin da zai karya shi, ya riga ya jefar da kai.

A gudun kilomita 25 cikin awa, mutum yana cin kusan mita 7 a kowace daƙiƙa. Birki mafi ƙarfi zai tsayar da shi cikin kimanin mita 5, ban da tazarar da zai ci kafin hannunsa ya kai ga matsawa. Yanzu a ɗauka wannan gudun ne, amma maimakon mita 5, bakin kwata ko bayan mota ne ya tsayar da tayar cikin santimita 10, wato iyakar abin da roba da gargare za su iya lotsawa. Ƙarfin motsin da za a kashe ɗaya ne, tazarar da za a kashe shi a ciki ce ta ragu sau hamsin, don haka bugun da zai ratsa ƙarfen zai iya ninkuwa kusan haka. Ko da birki ya riga ya cinye yawancin gudun kafin a kai ga dukan, kamar yadda ya faru da ni, ragowar ta isa ta yi ɓarna.

Akwai kuma maganar fok, ƙafafu biyun nan da ke riƙe da tayar gaba. Doguwar sanda ce, kuma duk wanda ya taɓa sa ƙarfe ya ɓamɓare ƙusa ya san abin da doguwar sanda ke yi. Idan taya ta daki abu, ƙasan fok yana komawa baya, tsawonsa kuma yana ninka bugun ya kai shi ga wuyan keke, inda bututun sama da bututun ƙasa suka haɗu da gajeren bututun da kan keke ke juyawa a ciki. Shi ya sa ɓarnar karo ta gaba kusan kullum a nan take taruwa.

Masu ƙera kekuna sun san da wannan. Ƙa'idar duniya ta lafiyar keke, ISO 4210, ta tanadi gwajin da ake sako nauyin kilo 22.5 ya faɗo a kan ƙarshen fok don a ga abin da firam zai yi, da wani gwajin da inji ke tura fok gaba da baya sau dubbai masu yawa, kwatankwacin birkin shekaru. Firam mai lafiya an yi shi ne don ya jure birki kowace rana. Saboda haka idan birki zalla ka ja a fili, ba ka daki komai ba kuma ba ka faɗi ba, da wuya ƙashin keken ya ji ciwo. Abin dubawa a nan shi ne robar birki, wayar birki, notin taya da wuyan keke, domin su ne ke kwancewa. Idan kuwa an yi duka, ko an faɗa rami, ko keken ya kife, ko kuma keken na hannu ne wanda ba ka san tarihinsa ba, to dole a duba firam ɗin kansa. Birkin gaggawa yakan tona ciwon da ya daɗe yana ɓoye.

Yadda Baba ya duba

Abu na farko da ya yi shi ne ya miƙa mini tsumma da ruwan omo ya ce in wanke keken. Na ɗan ji nauyin abin, ga ni da rigar ofis a bakin titi, amma ya ce ƙura ita ce bargon tsaga, ba ya duba keke mai datti. Da na gama ya jawo shi fili inda akwai sauran hasken rana. Zan jera abin da ya yi bi da bi, domin ban ga wani mataki a ciki da mai keke ba zai iya yi a tsakar gidansa ba.

Ya fara da tayoyi. Ya ɗaga gaba ya juya taya, yana kallon ratar da ke tsakanin gargare da robar birki. Idan ratar tana buɗewa tana rufewa, gargaren ya karkace. Nawa ya ɗan karkace, ya ce wannan aikin minti goma ne da ɗaurin wayoyi. Ya matsa wayoyin bibbiyu da yatsu yana neman wadda ta saki, ya girgiza tayar gefe da gefe don jin ko boris ya yi sako-sako, ya tabbatar tana zaune daidai tsakiyar fok, ratar dama daidai da ta hagu.

Sai fok. Ya tsuguna a gefen keken ya daidaita idonsa da wuyan. A keke mai lafiya, saman ƙafafun fok yana bin layi ɗaya da bututun wuya, ƙarshensu kuma ya ɗan tura gaba. Idan ka ga sun koma baya, ko tayar gaba ta matso kusa da bututun ƙasa fiye da da, ko kuma yatsun ƙafarka sun fara gogar taya idan ka juya kai alhali da ba sa yi, fok ya lanƙwashe. Ya sake dubawa ta gaba don ganin ko ƙafa ɗaya ta riga ɗaya. Nawa yana nan a miƙe.

Daga nan ya koma wuya. Ya kama birkin gaba, ya ɗora yatsun ɗaya hannun a mahaɗar fok da firam, ya tura keken gaba da baya. Idan akwai ƙwanƙwasa a ƙarƙashin yatsu, boris ɗin wuya ya saki. Ya ɗaga gaba ya juya kai dama da hagu a hankali: ya kamata ya tafi sumul. Idan yana cijewa a wani wuri ya saki a wani, mai yiwuwa sandar fok da ke ɓoye cikin wuya ta lanƙwashe, kuma sai an zare ta za a gani. Nawa ya ɗan saki. Ya ɗaure shi, ya sake jijjigawa. Ƙwanƙwasar ta tafi, amma 'yar ƙarar nan tana nan. Na ga fuskarsa ta canza.

Ya ɗauko zare mai tsawo, ya ɗaura bakinsa a inda notin tayar baya ke zama ta dama, ya ja shi gaba ya zagayo wuyan keke, ya dawo da shi ya ɗaure a daidai wurin ta hagu. Sannan ya auna ratar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Idan firam a miƙe yake, ratar biyu za su zo ɗaya, ko su bambanta da abin da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Nawa ya ci wannan jarrabawar. Ya ce alama ta biyu ta karkacewa ita ce keke ya riƙa ja gefe ɗaya idan ka sassauta riƙo a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Sai ya ajiye zare ya rufe ido, ya sa tafin yatsunsa yana shafa bututun sama da na ƙasa, daga wuya zuwa tsawon taƙi ɗaya. Ya ce yatsa yana ganin abin da ido ya tsallake. Abin da yake nema shi ne ɗan kumburi ko tamoji a ƙarƙashin bututun, inda ƙarfe ya matsu ya tattare, da fashewar fenti a samansa, inda ƙarfe ya miƙe. Fenti ba ya miƙewa kamar ƙarfe, don haka shi ne ke fara ba da labari. A ƙarshe ya kifa keken a kan sirdi da kai, ya karɓi wayata ya kunna fitila, ya haska ta a kwance, ta yadda hasken zai shafi ƙarfen daga gefe ya fito da inuwar kowane layi. Ya bi bakin kowace walda: wuya, gindin feda, ƙarƙashin sirdi, inda tayar baya ke zama.

A ƙarƙashin bututun ƙasa, daidai inda waldarsa ta haɗu da wuya, ya tsaya. "Zo ka gani."

Ni dai abin da na gani wani siririn layi ne kamar gashi, wanda bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Na ce, "Baba, ai wannan ƙarcewar fenti ce."

Kananzir da alli

Bai yi musu da ni ba. Ya kankare fentin wurin da 'yar wuƙa, ya ɗiga kananzir da aka gauraya da ɗan baƙin mai, ya bar shi kamar minti goma muna hirar tsadar taya. Ya goge wurin tas har ya bushe, ya murza alli irin na makaranta ya shafa garin a kai ya yi fari fat. Ya ɗan ƙwanƙwasa bututun da ƙotar sukudireba. Muna kallo, wani baƙin layi ya fito a cikin farin allin, ya bi bakin waldar ya lanƙwasa, ya fi wanda na gani da ido tsawo kusan ninki biyu.

Ƙarcewa ba ta da zurfin da za ta riƙe mai, ana gogewa ya tafi. Tsaga kuwa tana tsotse shi ciki, alli kuma ya jawo shi waje. Baba ya ce ya koyi dabarar ne daga ubangidansa, wanda ya taɓa aikin gyara a reluwe. Hakan ya yi daidai da tarihin abin, domin a ma'aikatun jirgin ƙasa na Turai da Amurka aka san wannan hanya ta mai da alli tun ƙarshen ƙarni na 19, ana neman tsaga da ita a jikin manyan ƙarafa. Ruwan rini mai launi da injiniyoyin jirgin sama ke fesawa a yau don wannan aiki jikanta ne.

Jirgin ƙasa ma yana cikin abubuwan da suka fara koya wa duniya cewa ƙarfe yana gajiya. A ranar 8 ga Mayun 1842, sandar ƙafafun wani kan jirgi ta karye a hanyar Versailles zuwa Paris a Faransa, mutane da dama suka mutu. Daga baya injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana juya irin waɗannan sanduna a inji yana ƙirga zagayen da suke yi kafin su karye. Ya nuna cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba yana iya karya shi idan aka maimaita sau dubbai. Tsaga takan fara ƙarama a wurin da ƙarfi ke taruwa, kamar bakin walda ko gefen rami, ta riƙa ci gaba kaɗan-kaɗan da kowane taku da kowane birki, har ranar da ragowar ƙarfen ba zai iya ɗaukar nauyin ba, ya rabu gaba ɗaya ba sallama.

A nan ne irin ƙarfen da aka yi firam da shi yake da muhimmanci. Baƙin ƙarfe, irin na Raleigh da Phoenix, yana da haƙuri: yakan lanƙwasa kafin ya karye, tsagarsa takan yi tafiya a hankali, tsatsa kuma takan zana layinta a fili. Idan lanƙwasar kaɗan ce, gwani yana iya miƙar da shi, ana kuma iya canza bututun da ya lalace. Alminiyam bai da wannan halin. Kowane nauyi da aka maimaita masa, komai ƙanƙantarsa, yana rage masa kwana, idan aka lanƙwasa shi aka mayar sai ya ƙara rauni, kuma tsagarsa takan yi sauri. Kekunan tsere masu tsada na zaren kabon sun fi duka ɓoye ciwo, domin shimfiɗun cikinsu na iya rabuwa alhali fuskar tana sheƙi. Masu su sukan ƙwanƙwasa bututu da kwabo suna sauraren inda sautin ya mutu, amma tabbaci sai da na'urar da ke leƙa ciki da sauti.

Na tambayi abin da kowa zai tambaya: "To Baba, in kai wa mai walda mana?"

Ya girgiza kai. Ya ce mai waldar ƙofa da taga zai karɓi kuɗina, zai kuma liƙa wani abu a wurin, amma shi ba zai ɗora jikansa a kai ba. Dalilin a kimiyyance shi ne yawancin irin waɗannan firam ana yin su ne da gaurayen alminiyam mai lamba 6061, wanda ƙarfinsa daga gashi yake zuwa. Bayan walda a masana'anta, akan sa firam ɗin gaba ɗaya a tanda mai zafin sama da digiri 500, a tsoma shi a ruwa, a sake gasa shi na sa'o'i a kusan digiri 175. Wutar walda tana warware wannan gashin a kewayen inda ta taɓa, ta bar wurin da laushi. Sai ka samu ɗinki mai kyan gani, ƙarfen da ke gefensa kuma ya fi na da rauni, a daidai gaɓar da ta fi kowace ɗaukar nauyi.

Abin da na yi da shi

Na tura keken da hannu zuwa gida. A hanya wani tunani ya zo mini, kuma ba zan ɓoye shi ba tunda shi ne ainihin jarrabawar. Layin nan ɗan fenti kaɗan zai rufe shi. Kekuna suna tsada, masu nema suna da yawa, in na kai shi kasuwa zan mayar da mafi yawan kuɗina kafin la'asar. Wataƙila ma haka aka yi mini. Na kwana ina juya abin, ina ba kaina hujjoji: mai yiwuwa ya yi shekara bai karye ba, mai yiwuwa wanda zai saya yaro ne marar nauyi.

Da safe 'yata ta sa kayan makaranta ta je ta tsaya kusa da keken kamar kullum, ta ce, "Abba, mu tafi." Na ce yau a ƙafa za mu je mu hau adaidaita. Uwarta ta tambaye ni dalili, na nuna mata layin. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye ni sau nawa na ɗauki yarinyar a kai tun ranar. Na faɗa mata. Ba ta ce komai ba, ta gyara wa yarinyar hijabi. Idan wuyan keke ya rabu ana cikin tafiya, tayar gaba da kai ne ke barin mahayi, fuska ce ke fara isa kwalta, wanda ke kariya kuma ya biyo ta sama. Duk wanda zan sayar wa yana da wadda yake goyawa.

Ranar Asabar na mayar wa Baba keken. Ya kwance tayoyi, giya, birki, sirdi da feda, ya ɗaura su a wani tsohon firam na baƙin ƙarfe da ya duba a gabana da zare da alli. Ya fi nawa nauyi da kusan kilo biyu, fentinsa kuma ya koɗe. Kuɗin firam da na aiki sun cinye abin da na ware wa wasu buƙatu na wannan wata. Shuɗin firam ɗin kuwa na roƙe shi ya yanka shi kafin a ba masu sayen gwangwan, don kada ya sake komawa kasuwa a matsayin keke.

Kafin ya yanka, ya ce bari ya nuna mini wani abu. Ya sa zarto ta saman bututun har ya kusa isa tsagar, ya taka firam ɗin da ƙafa ya ɓalle ragowar. Fuskar karayar kala biyu ce. Wani yanki mai santsi ne, ya yi duhu kamar toka, alamar ɓangarorin biyu sun daɗe suna gogar juna. Kusa da shi akwai yanki mai haske da kaushi, sabon rauni. Ya nuna mai duhun da farce ya ce, "Wannan da shi ka saya." Ya nuna mai hasken: "Wannan kuma na bakin kwata ne, da kwana taran da ka yi kana hawa."

Tun daga lokacin na ɗauki wasu 'yan al'adu. Na auna tazarar da ke tsakanin notin tayar gaba da tsakiyar gindin feda a sabon firam ɗin, na rubuta lambar a waya, domin duk ranar da aka yi karo in sami abin kwatantawa. Duk ƙarar da ta zo sabuwa, ba na hawa sai na gano inda take fitowa. Idan na raka wani sayen keke na hannu, nakan kifa shi in haska ƙarƙashin wuya kafin a fara ciniki, ina kuma zargin duk sabon fenti ko sitika da aka manna a bakin walda. Idan aka ja birkin gaggawa, bayan hamdala nakan yi wa kaina tambayar Baba: birki kawai na ja, ko tayar ta daki wani abu?

Ranar Juma'a da safe kuma nakan fito da tsumma da ruwan omo in bi keken bututu bayan bututu, kamar yadda mahaifina yake yi. Aikin bai fi minti goma sha biyar ba. 'Yata ce ke riƙe mini fitila.